Tsohon Ɗan Dambe da Ɗansa: Fim ɗin The Champ na 1931 da Masu Tara Tsofaffin Finafinai

 

An nemi in yi magana a kan finafinan dambe na farkon zamanin Holiwud da dalilin da ya sa masu tara kayan tarihin fim suke rububinsu. Maimakon in yi ta lissafo sunaye, zan riƙe fim ɗaya, The Champ, wato Zakara, wanda kamfanin MGM ya fitar a watan Nuwamba na 1931. Na zaɓe shi ne saboda wata tambaya da yake tayarwa. Fim ɗin bai ɓata ba. Yana nan a faifan DVD, tashoshin tsofaffin finafinai suna nuna shi, wanda duk ya so zai kalle shi da kuɗi kaɗan. To in haka ne, me mai tarawa yake nema da har zai zuba dukiyarsa? Amsar da zan kare a gabanku ita ce: abin da yake bi shi ne abin da kamfanonin da kansu suka ɗauka shara ne, kuma da ba don irinsa ba, da wani babban yanki na tarihin fim ya tafi.

Dambe da kyamara tun fil azal

Kafin a iya ba da labari da fim, an riga an ɗauki dambe. A 1894, a ɗakin ɗaukar hoto na Thomas Edison da ke jihar Niyu Jasi, an kawo 'yan dambe biyu, Mike Leonard da Jack Cushing, suka gwabza a gaban kyamara. Dalilin a fili yake. Kyamarar lokacin ba ta motsi, zarenta gajere ne, tana son haske mai yawa. Dambe kuwa mutum biyu ne a ɗan ƙaramin fage, kowane zagaye mintuna kaɗan ne, kuma ba ya buƙatar magana kafin a gane wanda ke cin wuya. A ranar 17 ga Maris 1897, Enoch Rector ya ɗauki karawar James Corbett da Bob Fitzsimmons a garin Carson na jihar Nebada, fim ɗin ya haura sa'a ɗaya da rabi, a zamanin da yawancin finafinai ba su wuce minti ɗaya ko biyu ba. Yau gutsuttsurinsa kawai suka rage.

Sai aka zo 4 ga Yuli 1910. Jack Johnson, baƙar fata na farko da ya riƙe kambun duniya na ajin masu nauyi, ya lallasa Jim Jeffries, Bature tsohon zakara, a garin Rino, aka tsayar da wasan a zagaye na 15. Tarzoma ta ɓarke a garuruwa da dama na Amurka, aka kashe mutane, yawancinsu baƙaƙe. Jihohi da birane suka hana nuna fim ɗin karawar, don ba sa son a ga baƙin mutum yana kai farar fata ƙasa a kan allo. A 1912 majalisar dokokin ƙasar ta haramta ƙetara iyakar jiha da fim ɗin dambe na gaske, kuma dokar ta zauna har 1940.

Ku riƙe wannan, domin a tsakiyar wannan haramci aka yi The Champ. Dokar ba ta shafi wasan kwaikwayo ba. Mai gidan sinima da zai shiga uku in ya shigo da hoton karawar gaske daga wata jiha, ba abin da zai same shi in damben na cikin labari ne. A 1931 kaɗai, kamfanin Universal ya fitar da Iron Man tare da Lew Ayres da Jean Harlow, Charlie Chaplin ya saka damben barkwanci a City Lights, MGM kuma ya zo da wanda muke magana a kai.

Labarin

Andy Purcell, wanda kowa ke kira Champ, ya taɓa zama zakaran duniya. Giya da caca sun cinye shi. Yana zaune a Tihuwana, garin kan iyaka a ƙasar Meziko, a wani ɗaki a saman mashaya, tare da ɗansa Dink, yaro ɗan shekara takwas zuwa tara. Ba a banza aka kai labarin Tihuwana ba. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, don haka mai son sha da caca da sukuwar dawaki sai ya tsallaka iyaka daga Kalifoniya. Garin ya cika da irin su Champ.

Tun a farkon fim ɗin ake nuna mana waye babba a gidan. Masu shirya wasa sun zo su duba ko Champ zai iya komawa fage, sai aka same shi a buge. Yaron ne ke fafutukar wartsakar da shi, shi ne ke jin kunyar, shi ne kuma da dare yake tuɓe wa uban takalmi ya kwantar da shi. Uban ya yi alkawari ba zai ƙara ba, yaron ya ji, ya san ƙarya ce, ya yi kamar ya yarda. Wannan juyin, inda ɗa ya zama uba, shi ne ƙashin bayan fim ɗin.

Wata rana caca ta yi wa Champ kyau, ya saya wa Dink dokin sukuwa. A filin sukuwar suka yi kiciɓis da Linda, uwar yaron, wadda ta rabu da Champ tun Dink yana jariri, ta auri wani attajiri mai suna Tony. Suna son yaron ya dawo hannunsu, ya yi makaranta, ya ci mai kyau. Champ ya ƙi. Bayan haka ya sa dokin a caca aka cinye, aka ba shi kuɗin fansarsa ya sake zubarwa, ya yi faɗa, aka kulle shi.

A nan wurin da ya fi kowane ciwo yake. Dink ya zo ganinsa a kurkuku. Champ ya riga ya yanke shawara cewa yaron zai lalace in ya ci gaba da zama da shi, amma ya san ba zai tafi da lallami ba. Sai ya ce masa ya gaji da ciyar da shi, ba ya son ganinsa. Yaron yana roƙo, yana cewa zai rage cin abinci. Uban ya zuro hannu ta tsakanin ƙarafa ya mare shi. Da yaron ya fita, sai Champ ya juya ya yi ta naushin bangon ɗakin da hannun nan da ya yi marin, har ya farfasa shi. Babu kiɗan da ke gaya maka ka yi kuka. Kyamara ce kawai a tsaye tana kallo.

Dink ya bi uwarsa cikin jirgin ƙasa, ya sulale ya dawo. Champ ya daina sha, ya koma atisaye, ya karɓi wasa da zakaran Meziko don ya sami kuɗin fanso dokin. Ya sha duka har yaron ya so a tsayar da wasan, amma a ƙarshe ya kai abokin karawarsa ƙasa. Ya yi nasara, ya nuna wa yaron dokinsa, sannan zuciyarsa ta buga. Ya mutu a ɗakin canza kaya. Dink yana bin manyan mutanen da ke ɗakin ɗaya bayan ɗaya yana kiran ubansa, ba wanda ya iya ce masa komai, har uwarsa ta shigo ta ɗauke shi.

A tuna su wa suka kalli wannan a 1931. Shekara biyu ke nan da rushewar kasuwar hannun jari ta 1929, kuma kafin 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan Amurka ba shi da aiki. Sinimomi cike suke da magidanta da suka kasa ciyar da iyalinsu, suna zaune kusa da 'ya'yansu. Fim ɗin ya nuna musu uban da ya gaza ta kowace fuska, amma ɗansa bai daina ganinsa a matsayin zakara ba. Ba mamaki da ya yi kasuwa.

Waɗanda suka yi shi

Mace ce ta rubuta labarin, Frances Marion, ɗaya daga cikin marubutan da suka fi kowa albashi a Holiwud na lokacin. Ta riga ta ci lambar Oska da The Big House na 1930, The Champ ya ba ta ta biyu. Ta rubuta shi ne da Wallace Beery, wanda ya fito a Champ, a zuciyarta, ƙaton mutum mai kaushin murya da fuska kamar an tashe shi daga barci. Darakta shi ne King Vidor, wanda ya yi The Big Parade a 1925 da The Crowd a 1928, kuma a 1929 ya yi Hallelujah da 'yan wasa baƙaƙe zalla. A The Champ ma babban abokin Dink yaro ne baƙar fata mai suna Jonah, suna yawo tare, suna kula da doki tare, abin da ba a saba gani ba a finafinan wancan zamani.

Jackie Cooper, wanda ya fito a Dink, an haife shi a 1922. A shekarar 1931 ɗin aka tsayar da shi takarar gwarzon jarumi a Oska saboda fim ɗin Skippy, yana da shekara tara, kuma har yau ba a sami wanda ya kai shi ƙuruciya a wannan rukuni ba. Shi da Beery sun yi finafinai huɗu tare, ciki har da Treasure Island na 1934. Da ya girma, Cooper ya faɗa a fili cewa Beery ba ya ƙaunarsa, yana yi masa wulaƙanci a wurin aiki, yana kuma ƙoƙarin danne shi a gaban kyamara. Soyayyar uba da ɗa da ta sa miliyoyi kuka, aikin gwanaye ce kawai.

A bikin Oska na 18 ga Nuwamba 1932 an yi abin da ba a sake yi ba a rukunin gwarzon jarumi. Fredric March, na fim ɗin Dr. Jekyll and Mr. Hyde, ya fi Beery da ƙuri'a ɗaya tak. Ƙa'idar lokacin ta ce in tazarar ba ta wuce ƙuri'a uku ba, kunnen doki ne. Sai aka ba su duka biyun. An sake yin labarin a 1953 da sunan The Clown, inda aka mai da ɗan damben ɗan barkwanci, sannan a 1979 Franco Zeffirelli ya sake shi da Jon Voight da Ricky Schroder. Masana halayyar ɗan Adam biyu, James Gross da Robert Levenson, sun wallafa bincike a 1995 inda suka gano cewa ƙarshen na 1979 ɗin ya fi duk guntayen finafinan da suka gwada sa mai kallo baƙin ciki, har ya zama abin da ake nuna wa mutane a ɗakunan bincike in ana son a ga yadda baƙin ciki ke aiki a jiki. Wannan ƙarshen kuwa daga alƙalamin Frances Marion ya samo asali.

Abin da mai tarawa yake bi

Abu na farko shi ne zamanin da aka yi fim ɗin. Kamfanonin Holiwud sun amince da wata ƙa'idar tace finafinai a 1930, amma ba a fara aiki da ita da gaske ba sai Yuli 1934, lokacin da aka ɗora Joseph Breen a kan ofishin tacewa. Finafinan da aka yi a tsakanin waɗannan shekaru huɗu suna da masoyansu na musamman, domin suna nuna rayuwa ba tare da kwalliya ba: yaro a gidan caca, uba mashayi da ba a mai da shi mugu ba, matar da ta bar mijinta ta yi wani aure kuma ba a hukunta ta ba. Bayan 1934, duk tsohon fim da za a sake fitarwa sai ya bi ta hannun masu tacewa, kuma wasu an datse su a jikin ainihin zaren da aka ɗauka. Shi ya sa mai tarawa yake tambayar shekarar da aka wanke kofen da ke hannunsa kafin ya tambayi kuɗinsa.

Abu na biyu shi ne zaren fim ɗin kansa. Har zuwa wajen 1951, zaren da ake nunawa a sinima, mai faɗin milimita 35, da sinadarin naitiret ake yin sa, ɗan'uwan abin da ake haɗa albarushi da shi. In ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi, domin yana samar wa kansa iskar da yake ci. In bai ƙone ba kuma, yana ruɓewa a hankali: hoton ya fara yin rawaya, zaren ya yi danƙo ya manne, ya yi kumfa, a ƙarshe a buɗe gwangwani a tarar da gari mai ruwan ƙasa. A 1937 rumbun kamfanin Fox a Niyu Jasi ya ƙone da yawancin finafinansa marasa sauti. A 1965 wani rumbun MGM ya kama wuta a Kalifoniya, nan aka rasa kofe na ƙarshe da aka sani na fim ɗin London After Midnight. Wanda wuta ta bari, kamfanonin da kansu sukan narkar da shi don su tatsi azurfar da ke jiki. Binciken da David Pierce ya yi wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda aka fitar a 2013, ya nuna cewa cikin dogayen finafinai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a ƙasar, kashi 70 cikin ɗari sun ɓata gaba ɗaya.

The Champ ya tsira ne saboda ya faɗo a gidan da ya fi sauran kula da kayansa. MGM ya kashe kuɗi wajen kwafe tsofaffin finafinansa zuwa zaren da ba ya kama wuta, ɗan kasuwa Ted Turner ya sayi taskar a 1986, daga baya ta koma hannun Warner Bros. Finafinan ƙananan kamfanoni ba su sami wannan gata ba. Da yawansu sun rayu ne a ƙaramin zare mai milimita 16, wanda kamfanin Kodak ya fito da shi a 1923 don kallon gida, daga baya gidajen talabijin da makarantu da barikokin soja suka yi ta amfani da shi. In an gama da kofe, ƙa'ida ita ce a lalata shi. Sai wani ma'aikaci ya ga ba zai iya ba, ya kai gida, ko ya sayar a ɓoye.

Ku dubi yadda gwani yake karɓar irin wannan kaya. Kafin ya kalli hoto ko ɗaya, sai ya buɗe gwangwanin ya shinshina. In ya ji tsami irin na binega, ya san zaren ya kamu da cutar da ke cin irin wanda ya maye gurbin naitiret, kuma dole a raba shi da sauran don yana harbinsu. Sai ya warware ɗan kaɗan ya ɗaga wa haske, ya karanta gefen. A nan Kodak yake buga ƙananan alamomi, da'ira ko murabba'i ko mai kusurwa uku, waɗanda ke nuna shekarar da aka ƙera zaren. A nan kuma ake rubuta ko naitiret ne ko mara haɗari. Sannan ya bi da yatsa yana ƙirga wuraren da aka yanke aka liƙe, domin kowane liƙi yana nufin wani abu ya fita.

Wannan sha'awa ta daɗe tana tafiya a gefen doka, saboda kamfanonin fim haya suke bayarwa, ba sa sayarwa. A Disamba 1974 jami'an FBI suka shiga gidan jarumi Roddy McDowall suka kwashe finafinai da kaset-kaset masu yawa da ya tara. Ba a gurfanar da shi ba, amma sauran masu tarawa sun shiga taitayinsu na shekaru. Abin dariyar shi ne, bayan zuwan bidiyo da DVD, kamfanonin nan ne suka koma suna bin gidajen masu tarawa suna neman guntayen da suka ɓace musu. Kusan cikakken kofen fim ɗin Metropolis na Jamus da aka gano a birnin Bones Ayres na Ajantina a 2008, asalinsa daga tarin wani mutum ɗaya ya fito.

Abu na uku, kuma nan kuɗin yake, takarda ce. Fostar sinima ta Amurka mai inci 27 da 41, da katunan zaure masu inci 11 da 14 da ake yi takwas-takwas a jera a mashigar sinima, ba don sayarwa ga jama'a aka buga su ba. Suna bin fim ɗin ne daga gari zuwa gari, a ninke su, a buga musu ƙusa, a shafa musu gam, in sun yage a zubar. Darajarsu a idon mai sinima ba ta wuce ta takardar da aka ƙunshe tsire a ciki ba. Abin da ya rage kuma, gangamin tara takarda na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya lashe da yawa. Shi ya sa fim ɗin da miliyoyi suka kalla, fostarsa ta asali ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba.

A garin Berwick na jihar Fensilbeniya an taɓa samun wani dunƙulen takardu a saman rufin wani gida. Ashe fostocin 1930 da 1931 ne da wani mai sinima ya riƙa liƙa sabuwa a kan tsohuwa duk mako, har suka zama kamar katako. Da tururi aka ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya, aka fitar da sama da 30, aka yi gwanjonsu a 2012 a kan kimanin dala rabin miliyan. A 2017 fostar fim ɗin Dracula, wanda shi ma na 1931 ne, ta kai dala 525,800 a gwanjon kamfanin Heritage. Galibi finafinan ban tsoro ne ke kai wannan farashi, na dambe ba su kama ƙafarsu ba. Amma na damben suna da wata fa'ida: kasuwa biyu ce ke neman su, masu son fim da masu son dambe. Misali mafi kyau shi ne The Prizefighter and the Lady na 1933, inda Max Baer da Primo Carnera, 'yan dambe na gaske, suka kara a cikin labari, tsohon zakara Jack Dempsey yana alƙalanci. A watan Yuni 1934 suka haɗu da gaske, Baer ya ƙwace kambun duniya daga hannun Carnera. Katin zauren wannan fim tarihin sinima ne, tarihin dambe ne kuma.

Inda kuɗi ya taru, macuta ba sa nisa. Fostar da aka buga don sake fitar da fim bayan shekaru ba ta kai ta farko daraja ba, kuma akan goge alamar shekarar a sayar da ita a matsayin ta asali. A 2012 wata kotun tarayya a Niyok ta ɗaure wani dillali shekara shida da rabi saboda ya riƙa ɗaye fuskar tsofaffin katunan zaure marasa daraja yana liƙa sabon bugu a kai, takarda ta gaske, hoto na ƙarya.

Tarawa iri biyu

Ba zan ce duk mai tarawa mai hidimar tarihi ba ne. Akwai wanda ya sayi kofe ɗaya tilo da ya rage a duniya ya kulle, jin daɗinsa shi ne ba wanda ke da shi sai shi. In ya mutu, magada su ga gwangwanaye masu wari su kai bola. Irin wannan bai fi gobara ba, jinkirta ta kawai ya yi.

Akwai kuma irin Jim Jacobs. Shi da abokin kasuwancinsa Bill Cayton sun shafe shekaru suna bin finafinan dambe na gaske, har ƙasashen Turai, inda kofen da dokar 1912 ta kora suka sami mafaka. Sun tara taskar finafinan dambe da ta fi kowace girma a duniya, suka riƙa nuna ta a talabijin. Daga cikinta Jacobs ya haɗa fim ɗin tarihin Jack Johnson a 1970. Wani yaro kuma da malamin dambe Cus D'Amato yake horarwa a garin Catskill ya riƙa kwana yana kallon waɗannan finafinai, yana nazarin Dempsey da sauran mazan jiya. Sunansa Mike Tyson, kuma Jacobs da Cayton ne suka zama manajojinsa. A 1998 tashar ESPN ta sayi taskar. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an buɗe tulun.

Ma'aunin da nake ba ku ke nan. Ba a auna mai tarawa da yawan abin da ya mallaka ko tsadarsa. Ana auna shi da abin da ya isa ga mutane ta hannunsa. Shi kansa The Champ yana gab da fita daga hannun kowa: dokar Amurka tana kare haƙƙin mallakar finafinan wancan zamani shekara 95, don haka daga 1 ga Janairu 2027 finafinan 1931 za su zama na jama'a a can.

Kalma ga namu

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi shekaru ana ɗauka ya ɓata. A 2016 aka gano zarensa a cikin tarin gwangwanaye a wani tsohon ginin hukumar finafinai a Legas, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wannan ya yi sa'a. Finafinan Hausa na bidiyo da suka fara da Turmin Danya a 1990 a kan kaset aka yi su, kuma kaset bai kai zaren fim jure zafi da ƙura ba. Haka fostocinsu, haka hotunan damben gargajiya da gidajen talabijin suka ɗauka shekaru da dama.

Saboda haka roƙona gare ku mai sauƙi ne. Wanda yake da tsohon kaset ko fosta ko hoto a gida, kada ya zubar. Ya raba shi da rana da laima, ya rubuta sunan fim ɗin da shekararsa da waɗanda suka fito a ciki tun masu sani suna raye, ya nemi a kwafe shi a kwamfuta, ya kuma ba wani laburare ko jami'a kofe ɗaya. Ɗalibanmu masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan yana jiran ku a shagunan tsofaffin 'yan kasuwar kaset, kuma ba zai jira har abada ba.